Da Me Damagaram Ke Cin Abinci?

Jawabi gaban taron ƴan kasuwa da ma'aikatan gwamnati a birnin Damagaram

 

Tambayar da ta tara wannan zaure gajera ce: da me jahar Damagaram ke cin abinci, kuma wace sana'a ce ke da ƙarfin da za ta ja ta gaba? In aka tare mutane a bakin Kasuwar Dole aka yi musu ita, da yawa za su ɗaga hannu su nuna arewa, hanyar Tanut, inda matatar mai take. Ba su yi ƙarya ba, sai dai amsar ba ta cika ba. Ƙidayar jama'a ta 2012 ta sami mutum fiye da miliyan 3 da rabi a wannan jaha, watau ta fi kowace jaha ta Nijar yawan al'umma, kuma tun daga ran nan ƙaruwa ake yi. Matatar kuwa ma'aikatanta ɗaruruwa ne. Sauran miliyoyin, daga Damargu zuwa Dungas, daga Kance zuwa Gure, abincinsu na fitowa daga gona, da garke, da iyakar Najeriya. Damagaram ba ta taɓa rasa abin sayarwa ba. Abin da ke hawa da sauka cikin tarihinta shi ne yawan aikin da ake yi wa kaya kafin su bar ƙasarta, kuma a kan wannan ne maganar yau za ta tsaya.

A fara da zamanin ayari, tun da shi ake yawan yin tinƙaho da shi. Daga lokacin da Sarki Sulaimana ɗan Tintuma ya mai da gadon sarauta nan, a farkon ƙarni na 19, garin ya zauna a mahaɗar hanyoyi uku: ta arewa mai bi ta Damargu da Agadas da Gat zuwa Tarabulus, ta kudu mai zuwa Kano, da ta gabas mai zuwa Kukawa, fadar Shehun Barno, wanda sarakunan Damagaram ke aika wa gaisuwa a wancan zamani. Matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, ya sauka garin a ƙarshen 1852, ya yi wajen wata guda yana jiran kuɗi da kaya daga arewa, domin nan ne ayarin Tarabulus ke yada zango kafin kayansa su watsu cikin ƙasar Hausa da Barno. A zamanin Sarki Tanimune, wanda ya rasu a 1884 bayan mulkin fiye da shekara 30, aka kewaye Birni da garu, maƙeran gari suka riƙa zuba igwa, unguwar Zango kuma ta cika da Abzinawa da Larabawa da fataken Kano.

Me ake ɗora wa raƙuman? Gashin jimina, da hauren giwa, da fata jemammiya, da bayi. Na ƙarshen nan ba a cika ambatonsa a wurin biki ba, amma yana rubuce: yaƙe-yaƙen Damagaram sun kamo mutane, an sayar da wasu, an zaunar da wasu a gandaye suna noma, kuma wani sashe na dukiyar wancan zamani daga nan ya fito. Gashin jimina ya yi tashe a shekarun 1870, sa'ad da matan Turai ke ƙawata huluna da shi, sa'an nan farashinsa ya karye da Turawan Afirka ta Kudu suka shiga kiwon jimina cikin shinge. Fata ce ta riƙe kasuwar har ƙarshen ƙarnin, ana kai ta Tarabulus, daga can ta wuce Turai da Amurka. To, a duba hannuwan da fatar akuya guda ke bi kafin ta hau raƙumi. Ta bi hannun mahauci. Ta bi hannun majemi, wanda ya jiƙa ta da toka, ya tuje gashin, ya jeme ta da bagaruwa. Ta bi hannun mai rini da karan dafi, da na dillali, da na mai ɗaurin kaya, sa'an nan madugu ya karɓa. Wadda ba ta tafi ba ta faɗa hannun dukawa, ta zama sirdi ko takalmi ko gafaka. Kowane hannu cikin waɗannan gida ne da ke cin tuwo. A kan irin wannan ciniki attajiri Malam Yaro ya yi suna, har wakilansa suka kai Tarabulus, kuma don haka ne daga baya aka sa wa majemar zamani ta garin sunansa.

Abin da ya kashe ayari daga waje ya zo. Sojan Faransa sun ci Damagaram a Tirmini a 1899, aka ja iyaka tsakaninta da Kano. A 1911 dogo ya iso Kano, a shekarar kuma Italiya ta faɗa wa Tarabulus. Kayan da ke yin watanni a bayan raƙumi suka koma yin kwanaki zuwa Ikko. Garin ya ɗan sami sauƙi da zamansa babban birnin mulkin Nasara daga 1911, amma a 1926 aka kwashe ofisoshi aka kai Yamai, kuma cikin dalilan da aka bayar har da ƙarancin ruwa. A riƙe wannan dalili, za a komo gare shi. Tun daga lokacin lissafin jahar bai sake ba: daga nan zuwa Yamai wajen kilomita 900 ne, zuwa Kano wajen 240. Takardu daga yamma suke zuwa, ciniki kudu yake tafiya.

Zamani na biyu na gyaɗa ne, kuma dattawan da ke cikin wannan zaure sun gan shi da idonsu. Tun shekarun 1930 Nasara suka matsa wa talakawan Magarya da Matamaye su noma ta, don su sami kuɗin biyan haraji, kamfanonin Faransa kuma su sami abin aika wa injinan mai na ƙasarsu. Bayan samun mulkin kai, a 1962, gwamnatin Diori Hamani ta kafa SONARA, ta ba ta ikon fitar da gyaɗa. A tsakiyar shekarun 1960 gyaɗa ce ke kawo wa Nijar fiye da rabin kuɗin da take samu daga cinikin waje, kuma kudancin Damagaram da Maraɗi ne ke noma mafi yawanta. Da kaka filayen awo kan cika da buhuna tsibi-tsibi, kuɗi ya shiga ƙauye, a yi aure, a sayi keke da rediyo. Abin da ya fi shafar wannan magana shi ne an gina injinan matsar mai a cikin jahar, SHN a Matamaye da SEPANI a Magarya. A birni kuma akwai SOTRAMIL mai niƙa hatsi ta yi gari da taliya, da majemar SOTAPO. Yaron da ya gama lakwal a wancan lokaci yana iya samun aikin albashi ba sai ya je Yamai ba.

Shekara goma ta isa a rasa mafi yawan wannan. Faransa ta janye farashin alfarma da take biya sama da na kasuwar duniya. Farin 1973 da 1974 ya cinye iri. A 1975 cutar da manoma ke kira kuturun gyaɗa ta shafe gonaki. A daidai lokacin ne uraniyom na Arlit ya fara cika baitulmali, hankalin magabata ya koma can, ba wanda ya yi gaggawar ceton manomin gyaɗa. Injinan suka rasa abin matsa, suka yi shiru ɗaya bayan ɗaya, SONARA ma ta durƙushe a shekarun 1980. Kayan aro ba ya rufe katara: sana'ar da aka yanke farashinta a Faransa, aka tsara cinikinta a Yamai, ran da waɗancan suka juya baya sai ta faɗi. Wani abin lura, masana'antar gyaɗa guda ce ba ta mutu ba, ita ce ta mata masu tuyar ƙuli-ƙuli da matsar mai a cikin gida, waɗanda ba a taɓa aza musu harsashi da kiɗa ba.

Yanzu a zo ga abin da jahar ke tsaye da shi a yau, kuma na farko bisashe ne. Ƙidayar gonaki da bisashe da aka yi tsakanin 2005 da 2007 ta nuna kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na bisashen Nijar a jahar Damagaram suke. Duk mai bin kasuwanni ya san hanyar: makiyayi ya kawo sa ko raƙumi Tanut ko Belbeji ko Subdu, ƙaramin ɗan kasuwa ya saya ya kai Bakin Birji ko Kundumawa ko Gidigir, babba ya tara, a kora ko a loda a mota zuwa Maigatari ran Alhamis, ko Mai'aduwa, daga can kuma sai Kano, sai Ikko, sai Fatakwal. A gefe guda akwai kiwon turke, wanda galibi a hannun mata yake: a sayi rago ramamme bayan kaka, a ciyar da shi da harawa da dusa, a sayar gab da Layya. Ba wata sana'a a jahar da ke juya kuɗi a hannun mutane da yawa kamar wannan. Ita ce bankin talaka, ita ce kuma jarin alhaji.

Amma sa a tsaye yake ƙetare iyaka, da namansa da kirginsa da ƙahonsa da ƙashinsa. Yanka da fiɗa da jima da ɗinkin takalmi duk can ake yin su. Fatun awaki da tumaki ma mafi yawansu ɗanyu ake tattarawa, a barbaɗa musu gishiri, a kai wa manyan majemun Kano na Challawa da Sharaɗa, su jeme su sayar wa Italiya da Sifen. Kirgin kuwa sau da yawa bai kai majema ba, a tukunya yake ƙarewa, ganda. Makiyayin Damargu ya yi shekara huɗu ko biyar yana bin sa da sanda, yana ja masa ruwa daga rijiya mai zurfi, amma mafi tsokar ribar a wata ƙasa ake cinta. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Hannuwa shida da fatar zamanin Tanimune ke bi sun koma biyu ko uku.

Kada a ɗauka wauta ce ta sa ɗan kasuwa ke yin haka. Mai saye a kudancin Najeriya ya fi son naman da aka yanka da safe. Motar sanyi tana bukatar mayanka mai ruwa da wuta ba yankewa, da hanya mai kyau, da takardar likitan dabbobi da ƙasashen biyu suka amince da ita, kuma in an tsayar da ita kwana biyu a shinge jari ya ruɓe. Sa mai rai kuwa ko an tsayar da shi sai dai ya rame. Lissafin alhaji daidai ne bisa halin da ya tarar. Halin ne abin gyara. Shaida kuwa ita ce kilishi: da yake shi ba ya bukatar sanyi, ya iya tafiya har ƙasashen waje da sunan Nijar, ba tare da taimakon kowa ba.

Na biyu wake ne, wanda ya gaji gonakin gyaɗa. Nijar ce ta biyu a duniya wajen noman wake, bayan Najeriya, kuma Najeriyar ce babbar mai saye. Buhunan Magarya da Mirya da Kance a kasuwar Dawanau ta Kano suke haɗuwa da masu saye daga kudu. A nan asarar ba ta inji ba ce, ta lokaci ce. Manomi na sayarwa da kaka, ran da kowa ke sayarwa, domin bashi na jiransa kuma yana tsoron ƙwari su cinye abin da ya ajiye. Da bazara tiyar da ya sayar da araha ta yi tsada, ribar na hannun wanda ya iya ajiya. Maganin wannan ya samu, ba kuma mai tsada ba ne: buhu mai riɓi uku, wanda jami'ar Purdue ta Amurka ta ƙirƙiro aka gwada shi tare da masanan INRAN, yana hana ƙwari numfashi ba tare da an zuba guba ba. Akwai kuma dabarar jinginar da amfanin gona, inda ƙungiyar manoma ke kulle buhunanta a sito, ta karɓi rance a kansu, ta sayar in farashi ya tashi. Sito mai ƙofa biyu da makulli biyu ba ya ɗaukar ido kamar masana'anta mai hayaƙi, shi ya sa ba a cika jin sa a bakin ƴan siyasa ba, alhali yana iya barin kuɗi a ƙauye fiye da ita.

Ƙarƙashin bisashe da wake akwai wani ƙarfi da ba a rubuta shi cikin kasafin kowace ma'aikata ba. Bayan farin shekarun 1980 manoman Magarya da Matamaye da Mirya sun daina sare tohon itatuwa a gonakinsu, suka riƙa raino, musamman gawo. Masu bincike da suka auna a shekarun 2000 sun kiyasta wajen eka ta zamani miliyan guda da ta sake yin itace a waɗannan gundumomi uku, har baƙi daga ƙasashen duniya ke zuwa kallo. Gawo na zubar da ganye da damina ya taki gona, ya ba da ƴaƴa da rani bisashe su ci. A haɗa da fadamun Ƙorama, inda ake noman rake da rogo da kayan lambu, da dabinon Gidimuni, da kanwa da ƙaron Gure, za a ga jahar ba matalauciyar ƙasa ba ce. Raken Matamaye har Yamai da Agadas ake kai shi, amma a karansa, a sha a tofar.

Na uku ita ce iyaka kanta, kuma ita ce ƙarfin da ya fi kowane saurin juyewa ya zama rauni. Samun kasuwar mutum fiye da miliyan 200 a bakin ƙofa, masu yare ɗaya da addini ɗaya da auratayya, ni'ima ce da jahohi kaɗan ke da irinta. Amma makullin ƙofar ba a Damagaram yake ba. Janar Buhari ya rufe ta a 1984, daidai da fari, har talakawa suka raɗa wa yunwar shekarar sunansa, ba a kuma buɗe ta ba sai 1986. An sake rufe ta daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 takunkumin ƙungiyar CEDEAO ya rufe ta har watan Maris na 2024, Najeriya kuma ta yanke wutar lantarkin da take bayarwa. Ko ƙofa na buɗe, canji na iya yin aikin rufewa: karya darajar sefa a Janairun 1994 ta sa bisashen Nijar sun yi araha ga mai naira, ciniki ya buɗe, faɗuwar naira a 2016 da 2023 ta yi akasin haka, mai sa ya kai Maigatari ya dawo da takardun da in ya canza ba su kai kuɗin saye ba. Daga wannan gefen ma akan rufe: a 2024 gwamnati ta hana fitar da hatsi, a 2025 gab da Layya ta hana fitar da bisashe, don sauƙaƙa wa mai saye na gida. Niyyar a fili take, amma matar da ta yi wata shida tana turke rago ita ce ta biya bambancin.

A nan akwai maganar da ta shafi ɓangarori biyu na wannan zaure. Babban kaso na cinikin iyaka ba ya bi ta gaban ƴan duwan. Ɗan kasuwa ya ce shingaye sun yi yawa, kowane da abin da ake ajiyewa, gara ya bi daji. Ma'aikaci ya ce ba ya iya nema wa sana'a hanya da mayanka da rance in ba ta bayyana cikin alƙalumansa ba. Duk su biyun gaskiya suka faɗa, sakamakon kuwa shi ne sana'ar da ta fi kowace girma a jahar ita ce ta fi ƙanƙanta a takarda, kuma ran rabon kasafi a Yamai takarda ake dubawa.

Wanda ke ganin wannan duka zancen masana ne, ya tuna da watan Oktoban 2013, sa'ad da aka tsinci gawar mutum 92 a hamada kusa da iyakar Aljeriya, ƙishirwa ta kashe su bayan motocinsu sun lalace. Mafi yawansu mata ne da yara, kuma mafi yawansu daga gundumar Kance. Kance ba hamada ba ce, tana cikin wuraren da suka fi ruwan sama a jahar. Gonaki ne suka yi kaɗan ga yawan jama'a, kuma in an gama girbi ba aikin da ke jiran hannu. Dalilan wannan ƙaura suna da yawa, ba a ɗora su kan abu guda. Amma aikin da ake kora wa Kano tare da sa da fata da buhu, aikin rani ne, irin wanda ke riƙe mutum a gida. Matasan da ke kwana a kan kabu-kabu cikin birni, shi suka rasa.

Sai a komo ga matatar da aka nuna da hannu tun farko. Shugaba Tandja Mamadu ya aza harsashinta a 2008, aka buɗe ta ran 28 ga Nuwamban 2011. SORAZ na tace ganga 20,000 a yini. Kamfanin CNPC na ƙasar Sin ke da kashi 60 bisa 100 na jarin, gwamnatin Nijar 40. Ɗanyen man ba na Damagaram ba ne, daga rijiyoyin Agadam na jahar Difa ake turo shi cikin bututu mai tsawon kilomita 460 da ƴan kai. Alherinta ba abin musu ba ne. Ƙasar da ke sayen kowane ɗigon fetur daga waje ta koma tace nata, gas ɗin girki ya shiga gidajen da da itace kawai suka sani, masu motocin dakon mai da masu abinci da masu gidajen haya sun samu. Hasali ma ita ce babbar hujjar wannan jawabi, domin ita kaɗai ce wurin da ake yi wa kaya aiki mai yawa kafin su fita, kuma an ga abin da hakan ya haifar. Da Najeriya ta janye tallafin mai a 2023, fetur ɗin ƴan ruwa-ruwa ya daina araha, kowa ya koma gidan mai, har a watan Maris na 2025 aka yi dogayen layuka saboda matatar ba ta iya ɗaukar bukatar ƙasa duka ba. Wannan ma ya nuna nauyin da ke kanta.

Sai dai matata ba ta sayen komai daga manomi ko makiyayi. Injin gyaɗa na Magarya in ya juya, ƙauye ɗari ne suka sayar. Matata in ta juya, bututu ne ya kawo. Kuma babban rabon man Agadam yanzu ba ta nan yake bi ba: bututun da ya tafi gaɓar teku a ƙasar Benin, mai tsawon kusan kilomita 2,000, wanda aka fara lodin jirgi daga gare shi a watan Mayun 2024, ɗanye yake ɗauka, ya ratsa ƙarƙashin gonakin jahar ya wuce. Amfanin matata ga sauran sana'o'i yana cikin abin da za ta iya ba su, watau makamashi mai araha wanda ba a yanke shi daga wata ƙasa. Ran da gas da wutarta suka juya injin niƙa a Mirya, da ɗakin sanyi a mayankar birni, da famfon ban-ruwa a Ƙorama, ran nan ne za ta shiga lissafin talaka.

Ga kuma dalilin 1926 da aka ce a riƙe. Birnin Damagaram a kan dutse yake zaune, ƙarƙashinsa ba ruwan kirki, shi ya sa ake jawo masa daga nesa, daga Gogo da Macaya, daga Arunguza, daga baya kuma Ganaram. Kowane sabon aiki kan kawo sauƙi na ƴan shekaru, sa'an nan yawan jama'a ya cim masa, ƴan garuwa da jarkoki su koma layi da bazara. Jima sana'ar ruwa ce, mayanka ma haka, injin sarrafa rake ko madara ma haka. Attajirin da ke da kuɗin gina majema zai fara tambayar ruwa da wuta kafin ya tambayi haraji, in bai sami amsa ba ya kai jarinsa Maraɗi ko Kano, ko ya zuba shi cikin shigo da shinkafa, inda ba a bukatar famfo. Saboda haka ba dole ne a tara komai a birni ba. Kudancin jahar, wajen Matamaye da Magarya, ruwa na kusa da ƙasa, kuma can ne kaya ke bi in za su fita. Waɗanda suka kafa injinan gyaɗa a can sun san abin da suke yi.

Akwai dalili na gaggawa da ya sa ya kamata a dubi kudancin. A 2021 Najeriya ta ƙaddamar da aikin dogo daga Kano zuwa Maraɗi, kuma hanyar da aka shata ta bi ta Kazaure da Daura kafin Katsina. Ana ta cewa dogon ya tsallake Damagaram, amma Daura ta fi kusa da Matamaye fiye da yadda Matamaye take da wannan birni. Duk ran da jirgi ya fara tsayawa a Daura, kuɗin dako daga gundumar Kance zuwa Kano da Ikko zai sauka, kuma zai sauka ga mai fitarwa da mai shigowa baki ɗaya: taliya da man girki da takalman roba za su iso da araha kamar yadda wake da fata za su tafi da araha. Dogon 1911 ya tarar da Damagaram ba shiri. Kafin wannan ya iso akwai aikin da ba ya jiran Yamai: ƙungiyar ƴan kasuwa da hukumomin jaha da jami'ar André Salifou su zauna su ƙirga, kasuwa bayan kasuwa, shekara guda cur, bisashe nawa da fata nawa da buhun wake nawa ke fita ta Ɗan Barto da ta Magarya, a nawa aka saye su, a nawa kuma aka sayar a Maigatari da Dawanau. Ƴan kasuwa su bayar da alƙaluman gaskiya, hukuma kuma ta yi alkawari a rubuce cewa ba za a mai da littafin ƙirgar littafin haraji ba.